Tarihin Mama da za a karanta a majami'a: a saka shekarun jinya ko a tsallake su?

Babban Ɗa:
Ina gaida iyayenmu da 'yan'uwa gaba ɗaya. A madadin gidanmu ina godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo jana'izar Mama, da waɗanda hali bai ba su ba suka aiko da ta'aziyya. An tsayar da Asabar ta ƙarshen wata mai zuwa domin Mas (babbar sujadarmu ta Katolika) na tunawa da ita a majami'ar ƙauyenmu, kuma Fada, limamin majami'ar, ya amince a karanta taƙaitaccen tarihinta kafin albarkar ƙarshe, da sharaɗin kada ya yi tsawo. Abin da na tsara shi ne haihuwarta a ƙasar Malumfashi, da aurenta da Baba, da baftismarta, da yadda ta riƙe mu bayan rasuwarsa, da hidimarta a Zumuntar Mata Katolika, sannan a rufe da cewa Ubangiji ya kira ta bayan doguwar jinya. Ban ga dalilin faɗaɗa maganar ciwon ba. Wanda yake da gyara ko ƙari ya faɗa tun yanzu, kafin a kai wa mai buga takarda.

Autar Mama:
Yaya, sannu da ƙoƙari, amma ban gamsu da ƙarshen ba. Shekarun da Mama ta yi a kwance a Kaduna ba kaɗan ba ne, har akwai jikokinta da suka yi wayo ba su taɓa ganinta a tsaye ba. Idan aka dunƙule wannan duka cikin kalma uku, to kakar da waɗannan yara suka sani ba ta cikin takardar ke nan, haka ma mutanen da suka ɗauki nauyinta dare da rana. Ina roƙo a saurari kowa kafin a yanke.

Gwaggo:
Jikata ce take rubuta mini. Allah ya ba ku haƙuri, ya kyautata namu ƙarshe. Ni ce ƙanwar mijinta, kuma ina yarinya aka kawo ta gidanmu, lokacin duk gidan ana kan addinin gargajiya. Ni daga baya aure ya kai ni cikin gari na musulunta, su kuma suka bi 'yan mishan, amma ko sau ɗaya tukunyarmu ba ta rabu ba. Shekarar haihuwarta babu wanda ya rubuta, saboda haka kada ku ƙirƙiro lamba domin takarda ta yi kyau. Abin da na sani shi ne tana da goyon fari lokacin da aka ba da mulkin kai a 1960. Kada ku manta da farin 1973, lokacin da rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, ita ce ta riƙa tafiya kasuwannin ƙauye da daddawa da ƙuli-ƙuli tana dawowa da dawa, tana auna wa gidana ba tare da yayana ya sani ba. Kuɗin audugarta kuwa ba ta taɓa cin ko kwabo a ciki ba, duk a makarantarku ya ƙare.

Katikis mai ritaya:
Salama gare ku, 'ya'yana. Ya Ubangiji, ka ba ta hutawa ta har abada. Tun da Gwaggo ta taɓo zamanin da, bari in ƙara abin da ya shafi ikilisiya, domin a rubuta shi daidai. Ƙasarmu a wancan lokaci tana ƙarƙashin Sakkwato ne, wadda aka ware a matsayin yankin mishan a 1953, aka ɗaga ta ta zama dayosis, wato yankin da bishop yake shugabanta, a 1964, kuma fadoji 'yan Dominikan daga Amurka ne suke riƙe da aikin. Fada ba ya isowa ƙauye sai jefi-jefi, don haka ranar Lahadi katikis ne, wato mai koyar da addini, yake jan addu'a a rumfar kara. Ajin baftisma ba wasa ba ne a lokacin, mutum yakan yi shekaru yana koyon katikizim, wato koyarwar addini, da ka kafin a karɓe shi, kuma mahaifiyarku ba ta iya karatu ba, amma tambaya da amsa babu wanda ya kai ta riƙewa. Ta shigo daidai lokacin da ake sauya Mas daga Latin zuwa harsunan mutane, bayan babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya sa har ta tsufa takan haɗa waƙar Latin da ta Hausa ba tare da ta ga wani bambanci ba.

A watan Fabrairun 1982 tana cikin matan da suka cika bayan babbar mota zuwa Kaduna domin ganin Paparoma John Paul na biyu, ranar da ya naɗa sababbin fadoji a Dandalin Murtala. Ta yi shekaru tana ba da labarin, ko da yake ita da kanta takan ce farin tufafinsa kawai ta hango saboda nisa. Da aka kafa Dayosis ɗin Katsina a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasarmu, na je Kaduna musamman na gaya mata. A lokacin maganarta ta riga ta yi nauyi, amma ta ɗaga hannun da yake aiki ta yi alamar gicciye. Wannan ya faru ne a cikin shekarun da ake so a tsallake, don haka ni ina bayan Auta.

Babban Ɗa:
Baba Katikis, na gode, kuma zan gyara abin da ya shafi shekarun yadda ka faɗa. Amma ku fahimce ni. Mama mace ce mai kunya da tsafta, wadda ko ɗankwali ba ta cirewa a gaban surukanta. Ciwo ya kai ta inda sai an ɗaga ta, an wanke ta, an sa mata kunzugu, kuma a shekarun ƙarshe takan kasa gane mu, wani lokaci ta faɗa wa wanda yake ba ta abinci maganar da ba halinta ba. Da tana da bakin magana yau, kuna ganin za ta yarda a tsaya a gaban mutanen ƙauye, da surukai, da baƙi, a karanta wannan? Rufin asiri haƙƙinta ne a kanmu, kuma mutuwa ba ta sauke shi ba. Ina so mutane su tafi gida da hoton matar da take jan waƙa da tulun kiɗa a hannu.

Jika, malamar jinya:
Kawu, ina ganin akwai tazara tsakanin tona asiri da faɗin gaskiya, kuma babu wanda ya nemi a ambaci kunzugu a majami'a. Abin da ya sa nake so a yi maganar ciwon shi ne, yawancin waɗanda za su zauna a kan bencinan nan sa'o'in iyayenmu ne, kuma da yawansu suna yawo da hawan jini ba su sani ba, domin ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Abin da ya sami Kaka shanyewar ɓarin jiki ne, wato jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Har yau a ƙauye akwai masu cewa iska ce ta buge ta, wasu kuma suna raɗa cewa jifa ne. Idan muka yi shiru, wannan bayanin ne zai zauna. Ya kamata su ji cewa duk wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti ake nufa da shi a take, domin awannin farko su ne masu amfani. Ya kamata su ji kuma cewa maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Akwai abu na biyu da ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan iya yin shiru a kansa ba. Mai jinyar da ya daɗe a kwance, abin da ya fi cin sa shi ne gyambon kwanciya, wanda yakan fito a ƙugu da gadon baya da duga-dugai, kuma ba a kauce masa sai ana juya mutum kusan kowane awa biyu, har da tsakar dare, ana shanya jiki, ana gyara shimfiɗa. Ga hatsarin ƙwarewa, domin haɗiya takan yi rauni, dole a zaunar da mutum, a ba shi abu mai kauri a hankali, in ba haka ba abinci ya bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Na wanke Kaka tare da matan Zumunta ranar da ta rasu, kuma fatarta lafiya lau take, babu miki ko ɗaya. Duk wanda ya san aikin ya san abin da wannan yake nufi, kuma ya san hannun wace ce.

Matar Babban Ɗa:
Ina gaida iyaye. Da na so in yi shiru, domin magana ce ta 'ya'yan ciki, amma tun da an nuno ni zan faɗi kaɗan. Ni ba na neman a kira sunana a majami'a, kuma ban yi don a gode mini ba, uwa na ɗauke ta tun ranar da ta karɓe ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce matar da ta kwanta a ɗakina ba Mama ba ce. Gaskiya ne ta manta sunaye, har ta riƙa kirana da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. Amma idan aka fara addu'ar "A gaishe ki Maryamu", ita ce take ƙarasawa, kuma carbinta ba ya barin hannunta na dama. Duk wanda ya shigo gaishe ta, tambayarta ta farko ita ce ko an ba shi abinci. Maganganun da maigida yake jin nauyinsu ni aka fi faɗa wa, kuma ban taɓa ɗaukarsu nata ba, na ciwon ne. Akwai dararen da na yi kuka don gajiya, ba zan ɓoye ba, kuma da ba don maƙwabciyarmu da matan Zumunta da suke karɓata ba, da ban kai ba.

'Yar Zumunta:
Sannu, 'yar'uwa, Ubangiji ya sāka miki. Mu a Zumunta ba mu da shakka a kan wannan magana, domin ziyarar marasa lafiya tana cikin aikin da Mama da kanta ta koya mana tun muna amare. Ita ce take cewa zumunta a ƙafa take, ta tasa mu gaba da ƙwaryar gari da itace zuwa gidan duk wadda ta kwanta, ko 'yar ikilisiya ce ko ba ita ba. Da nata ya zo, reshenmu na Kaduna ya raba kwanaki, muna zuwa da tulu da kacau-kacau muna yi mata waƙa a ɗaki, tana buga shimfiɗa da yatsu.

Tun da ana maganar tunawa, bari in faɗi abin da yake damuna, ko da zai yi ɗaci. Na ji ana shirin fitar da anko da yanka sa da buga kalanda mai hotonta. Ban ce haramun ba ne. Amma na san lokacin da ake neman kuɗin gashin ƙashi da na magani ana bin dangi ɗaya bayan ɗaya, wasu wayarsu ba ta shiga. Yau ga shi kowa yana tambayar kuɗin atamfa nawa ne. Wannan al'ada ta yi mana yawa a majami'u, ana barin tsoho a kan tabarma, ranar da ya mutu a saya masa akwati mai ƙyalli.

Kawu:
'Yar'uwa, maganarki akwai gaskiya a ciki, amma kin haɗa kowa kin yi musu kuɗin goro. Wasunmu manoma ne, kuma kin san halin da ƙauyukan kudancin Katsina suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, akwai damunar da gonakin nesa ba su nomu ba. Wanda bai aiko da kuɗi ba ya aiko da buhun masara idan ya samu. Game da abinci kuma, mutane za su taso daga Funtuwa da Ƙafur da Zariya da Kaduna, har da danginmu Musulmi, kuma ba a taɓa zuwa ƙofar yayata an koma da yunwa ba. Idan aka sallame su da ruwan leda, ita aka kunyata. Anko dai na yarda a bar shi, matan Zumunta suna da zanensu, sauran kowa ya sa abin da yake da shi. Sa kuwa ni na yi alkawarinsa daga garkena, ba a taɓa kuɗin kowa ba. Kuma tun da ana son gaskiya a tarihi, wa zai rubuta cewa kafin daddawa burkutu take dafawa, kuma da shi aka sayi littattafan farko na wanda yake shugabantar wannan zama?

Babban Ɗa:
Kawu, wannan kam a bar shi a tsakar gida.

Ɗan Gwaggo:
Assalamu alaikum. Allah ya ƙara haƙuri. Ina da tambaya, kuma don neman sani nake yi. A wajenmu an saba gaggauta binnewa, kuma na ji daɗi da ba a bar Inna ta daɗe a ɗakin ajiye gawa ba, domin hankalin mahaifiyata ya tashi da ta ji ana maganar jiran na nesa. Shin wannan taron da za a yi daidai yake da sadakar arba'in da wasu suke yi a cikinmu? Mahaifiyata tana so ta kawo gero da waina, kuma ba ma so mu yi abin da zai saɓa wa tsarinku. Sannan na ji wasu suna cewa man da Fada ya shafa mata shi ne alamar an sallama ta, alhali na san ta rayu da daɗewa bayan haka.

Katikis mai ritaya:
Ɗana, tambayarka mai kyau ce. Ikilisiya ba ta ɗaure mu da kwana uku ko bakwai ko arba'in ba. Iyali suna iya roƙon a yi Mas domin mamaci a kowace rana, da yawa sukan zaɓi cikar wata guda ko shekara, kuma kowace ranar 2 ga Nuwamba ana yi wa dukan matattu masu bi addu'a, har a ziyarci kaburbura. Mun gaskata addu'ar masu rai tana amfanar waɗanda suka riga mu, kuma ana kafa hujja da littafin Makabiyawa na biyu, sura 12. Ciyar da mutane da ba da sadaka domin mamaci ba baƙon abu ba ne gare mu, saboda haka Gwaggo ta kawo geronta da wainarta, za a karɓa da hannu biyu.

Maganar mai kuwa, wannan tsoro ya daɗe yana hana mutanenmu kiran Fada sai numfashi ya kusa ɗaukewa. Tushen abin yana cikin wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 14 da 15, inda aka ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. A da an fi yin sa a bakin mutuwa, amma taron Batikan na biyu ya bayyana cewa ba na masu shirin cikawa kaɗai ba ne, na duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya fara sa shi cikin hatsari ne, kuma ana iya maimaitawa idan ciwon ya ƙaru. Fada ne kaɗai yake yin sa. Jibi kuwa, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a Mas, katikis ko wani wanda aka ba izini yana iya kai wa gida, kuma dokar kame baki na awa ɗaya kafin karɓa ba ta hau kan tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu ba. Mahaifiyarku an shafe ta fiye da sau ɗaya, ta kuma ci gaba da karɓar Jibi a kan gadonta muddin tana iya haɗiya. Wannan ma hidimar ikilisiya ce, kuma ni a ganina ba ta gaza jan waƙa ba.

Jika, ɗalibi:
Ina gaida kakanni da iyaye. Ni ina cikin waɗanda Inna Auta ta ambata, ban san Kaka da ƙafafunta ba. Labarin auduga da motar Kaduna yau na fara jin su, kuma na ji daɗinsu, amma kamar labarin wata ake ba ni. Wadda na sani ita ce wadda nake karanta wa Zabura idan na dawo makaranta, wadda take ɓoye mini naman miyarta a gefen kwano tana tsammanin babu mai gani. Idan za a yarda, ina so ni in karanta wannan ɓangaren, kuma ba zan faɗi abin da zai sa Baba ya sunkuyar da kai ba. Ina kuma ba da shawara a duba ranar kakanni da tsofaffi da Paparoma Francis ya kafa a 2021, wadda ake yi a Lahadi ta huɗu ta watan Yuli, mu riƙa haɗa abin da za mu iya a wannan rana domin tsofaffin ƙauyenmu da suke kwance.

Autar Mama:
Yaya, ka ji dai. Babu wanda ya nemi a buɗe abin da ya kamata a rufe. Abin da nake so a rubuta shi ne sunan ciwon a fili, da cewa ta yi shekaru tana ɗauke da shi, da cewa ba ta rabu da addu'a ba, da kuma sunayen waɗanda suka yi jinyarta, matarka a kan gaba, ko ta so ko ba ta so ba. Mu 'ya'yan ciki muna zuwa ne mu kwana biyu mu koma gidajenmu, ita ce ba ta da ranar komawa. A ƙasarmu jinyar tsoho kusan kullum a kan mace ɗaya take faɗawa, suruka ko 'ya, kuma ranar jana'iza maza ne suke riƙe da lasifika.

Babban Ɗa:
Na saurari kowa, kuma ga inda na tsaya. Za a ambaci shanyewar ɓarin jiki da hawan jini da sunansu, za a ambaci shafewa da mai da Jibin da ake kai mata, kuma ɗana zai karanta wannan ɓangaren bayan na duba abin da ya rubuta. Maganar rikicewar tunani ba za ta shiga ba, a nan ban sauya ba, kuma ina roƙon a bar ni da wannan. Bayanin alamomin ciwo ba na cikin majami'a ba ne, amma 'yata malamar jinya tana iya zuwa da na'urar awon jini ta zauna a rumfa bayan an tashi, duk mai so a auna shi. An soke anko da kalanda, san da Kawu ya yi alkawari yana nan. Batun sunan maiɗakina kuwa, ita ta ce ba ta so, Auta ta ce dole, ni kuma ba zan raba wannan gardama a nan ba, ku biyu ku yi magana ku gaya mini kafin Laraba, domin ranar Alhamis zan kai rubutun. Keken Mama da katifarta suna nan a Kaduna, idan Zumunta ta san wanda yake bukata a turo a ɗauka.

'Yar Zumunta:
Akwai wani dattijo a ƙaramar majami'ar da ke bayan kasuwa wanda ciwon ya kama tun kafin Ista, 'yarsa ce kaɗai take fama da shi. Zan turo yaro da Keke Napep ranar Litinin da safe, a haɗa masa har da robar shimfiɗa idan ba a yar ba.